Dabbobi a binciken jami'a: tambayoyin da ɗalibai da malamai ke yi a Damagaram

Duk shekara, da zarar lokacin zaɓen batun memuwar, wato kundin kammala karatu, ya zo, tambayoyi iri ɗaya ke fitowa daga bakin ɗaliban kimiyyar halittu, na lafiya da na kiwo: wa ke ba da izini, ɓeraye nawa za a saya, ko ana iya ɗibar jinin tumakin kasuwa. An tattara su a nan domin ɗalibai da malaman Jami'ar André Salifou ta Zinder, da ƴaƴan Damagaram da ke karatu a Yamai, Maraɗi, Zariya ko Dakar suna dawowa gida aikin fili. A wurinmu ba kasafai wani jami'i ke ƙwanƙwasa ƙofar labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ya ce a nuna masa keji ba. Shi ya sa dubawar da ta fi amfani ita ce wadda ake yi tun allura ba ta taɓa dabba ba.

1. Wane aiki ne ake ƙidayawa a matsayin bincike da dabba?

Duk aikin da zai sa a taɓa dabba mai rai, ko a sauya mata abinci ko wurin zama, don neman sani ko don koyarwa. Ɗura wa farin ɓera ruwan sassaƙe, ɗibar jinin raƙumi, rage wa tunkiya harawa don a ga yadda take ramewa, ɗana tarko a gindin rumbu, duk suna ciki. Dokar Tarayyar Turai ta 2010 ta sa iyaka mai sauƙin ganewa: duk abin da ciwonsa ko damuwarsa ta kai ta sukar allura a hannun ƙwararren likitan dabbobi ya shiga. Kifi, kwaɗi, ƙadangaru da kaji ba su fita ba.

Hanta ko tumbin da ka karɓo a mahauta bayan yanka ba gwaji ne kan mai rai ba, sai dai ka nemi yardar likitan mahautar da mai naman. Idan kuma tambayoyi kake yi wa makiyaya, to bincike ne kan mutane, hanyarsa daban (duba tambaya ta 3).

2. Wace doka ce ta shafe mu a Nijar?

Uku ne ya kamata ka sani. Ta farko ita ce doka mai lamba 2004-048 ta 30 ga Yuni 2004, uwar dokokin kiwo, wadda ta hana azabtar da dabba. Ta biyu ita ce doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 kan farauta da kare namun daji (tambaya ta 14). Ta uku ba dokar ƙasa ba ce, ƙa'ida ce ta Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, wadda Nijar ke cikinta: babi na 7.8 na kundinta na dabbobin tudu, da aka amince da shi a 2010, ya nemi kowace ƙasa ta samu tsarin duba aikin bincike kafin a fara, da duba ɗakunan dabbobi, da tabbatar da ƙwarewar masu riƙe su.

Dokokinmu tushe suka aza. Ba za ka samu faɗin keji ko yawan jinin da ake ɗiba a cikin uwar doka ba. Wannan giɓin ne ake cikewa da ƙa'idojin duniya, kuma shirun doka kan wani abu ba izinin aikata shi ba ne.

3. Wa zan kai wa takardata kafin in fara?

Fara da malamin da ke duba aikinka, sannan shugaban sashe, shi zai faɗa maka majalisar da ke duba irin wannan aiki a tsangayarku. Inda babu kwamiti na dindindin, a roƙi shugaban tsangaya ya tara mutanen da suka dace (tambaya ta 4), su karanta, su rubuta hukuncinsu da kwanan wata da lamba. Amincewar baki a farfajiya ba ta ƙidayuwa.

Idan aikin ya haɗa mutane da dabbobi, misali kana neman bakkale, ciwon da ke sa dabba ɓari, a jinin shanu da na masu tatsarsu, ɓangaren mutanen sai ya bi ta kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya da ke Yamai. Idan za ka shiga garke, sanar da ofishin kiwo na jiha da na gundumar da za ka je. Ɗalibin da ke rajista a wata jami'a, takardar jami'arsa zai fara nema: Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, alal misali, tana da kwamitinta na kula da dabbobin bincike. Amma takardar Zariya ko ta Dakar ba ta ɗauke maka neman izinin hukumomin inda dabbar take ba.

4. Su wa ke zama a kwamitin, kuma me suke dubawa?

A Amurka, jami'ar da ke karɓar kuɗin binciken lafiya na gwamnati sai ta kafa kwamitin aƙalla mutum biyar: likitan dabbobi, mai bincike da ya san aikin, wanda ba ɗan kimiyya ba, da wanda ba shi da wata alaƙa da jami'ar. Kowane wata shida suna zagaya ɗakunan dabbobi. Ingila, wadda ta fara doka kan wannan tun 1876, a yau tana bin dokar 1986 mai lasisi uku: na wuri, na aiki, da na mutumin da zai riƙe allura. A Faransa, tun 2013, kwamitin ɗa'a ke ba da ra'ayi, ma'aikatar bincike ta ba da izini. Kowane tsari da rauninsa. Dokar Amurka ta 1966 ta fitar da ɓerayen labo daga lissafinta, alhali su ne mafi yawan dabbobin da ake gwaji da su, don haka ba komai ake kwafowa ba.

Abin da ya fi dacewa mu ɗauka shi ne kujerar baƙo, wato wanda ba ɗan jami'ar ba. A Zinder yana iya zama wakilin ƙungiyar makiyaya, ko limami, ko tsohuwar malamar makaranta. Shi ne zai yi tambayar da abokan aiki ke jin nauyin yi wa juna: "Malam, in wannan ragon ya mutu, me aka ƙaru da shi?" Aikin kwamiti kuwa ɗora amfani da cuta a kan ma'auni ne, sannan ya ce a yi, ko a gyara, ko a bari. Malamin da ake duba aikin ɗalibinsa ya fita daga ɗaki lokacin yanke hukunci, komai girman muƙaminsa.

5. Mene ne ƙa'idoji ukun da ake yawan ambata?

Wasu masana biyu na Ingila, William Russell da Rex Burch, suka tsara su a 1959, kuma kusan kowace doka ta yau a kansu ta hau. Ta farko musanyawa: in akwai hanyar samun amsa ba da mai rai ba, a bi ta. Mai son sanin ko sabara na kashe ƙwayoyin cuta ya fara a farantin rainon ƙwayoyin cuta na labo. Mai auna narkewar ƴaƴan gawo yana iya karɓo ruwan tumbi daga mahauta ya yi aikinsa a kwalba. Mai gwada maganin tsutsa ya fara da ƙwan tsutsa daga kashin dabba.

Ta biyu ragewa: a yi amfani da mafi ƙarancin adadin da zai ba da amsa ingantatta (tambaya ta 7). Ta uku kyautatawa: dabbar da ba makawa sai an yi aiki da ita, a rage mata wahala daga ranar da ta iso har ranar ƙarshe, da maganin ciwo, da riƙo mai kyau, da wurin kwana mai tsabta.

6. Me ake rubutawa a takardar neman izini?

Tambayar da kake son amsawa, da dalilin da ya sa faranti ko kwamfuta ba za su wadatar ba. Irin dabba, jinsi, shekaru, nauyi, adadi da inda za a samo ta. Duk abin da za a yi mata, bi da bi, da sunan mai yi da inda ya koya. Matakin wahala: Turai na raba shi huɗu, mai sauƙi, matsakaici, mai tsanani, da wanda dabbar ba za ta farfaɗo daga maganin barci ba. Alamomin da za su sa a tsaya (tambaya ta 9), da makomar dabbar a ƙarshe (tambaya ta 13 da ta 15). Ka rubuta wahalar yadda take. Kwamiti ya fi amincewa da mai cewa "wannan zai yi ciwo, ga maganin da na tanada" a kan mai cewa ba komai.

7. Ɓeraye nawa zan saya? Na ga kowa na sa biyar ko shida a rukuni.

"Haka na gani a memuwar ɗin bara" ba hujja ba ce. Adadi na fitowa ne daga lissafi: girman bambancin da kake sa ran gani, da yadda awon ke bambanta tsakanin dabba da dabba. Je wurin malamin ƙididdiga kafin ka sayi ko ɗaya, ba bayan ka tara lambobi ba. Ƙarancin da ya wuce kima ma ɓarna ne, domin dabbobin sun sha wahala kuma sakamakon bai tabbatar da komai ba.

A raba su rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a. Hannu kan fara kama ɓeran da ya fi sanyin jiki, in kuwa waɗanda aka fara kamawa suka taru a rukuni ɗaya, an karkatar da gwajin tun bai fara ba. Mai awo kuma kada ya san wane keji ne ya sha magani.

8. Yaya ake riƙe ɓerayen labo a zafin Damagaram?

Nan ne aiki da yawa ke lalacewa. Farin ɓera na son ɗaki mai ma'aunin zafi 20 zuwa 24, da sa'a 12 na haske, 12 na duhu. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi na haura 40. Ɓera ba ya zufa kamar mutum. In zafi ya kai masa, za ka gan shi ya baje ciki a ƙasan keji, wutsiya ta yi ja, yana shafa miyau a gashinsa har wuya da ƙirji su jiƙe sharkaf. Wanda ya ga haka ya san saura kaɗan. Ko bai mutu ba, cinsa ya ragu, shan ruwansa ya ƙaru, jininsa ya sauya, abin da kake aunawa ya zama aikin zafi, ba na maganinka ba.

Saboda haka kwamiti na da haƙƙin tambaya: in wutar lantarki ta ɗauke da azahar, me zai faru? In babu janareta ko hasken rana mai riƙe na'urar sanyaya ɗaki, a tsara gwajin cikin sanyin Disamba da Janairu, a kuma tare ƙurar hunturu. A rataye ma'aunin zafi, a rubuta safe da yamma. In warin fitsari na sukar idonka da ka buɗe ƙofa, su da hancinsu ke kan shimfiɗar sun daɗe suna shaƙa. Waɗanda aka ɗauko daga Kano ko Yamai a yi tafiyar da dare ko da asuba, kada a sa su a but ɗin mota, a kuma ba su kamar mako guda su huta kafin a fara.

Sai maganar da ba a son yi: hutun Sallah, ƙarshen mako da yajin aiki. A rubuta sunan mai ba da ruwa da abinci na kowace rana, da wanda ke riƙe da mabuɗi, a manna a ƙofa. Aikin da ba shi da wannan takarda, a ganina, bai cancanci izini ba.

9. Ta yaya zan gane dabba na jin ciwo, kuma yaushe zan tsaya?

Ɓera da tunkiya dabbobi ne da ake farauta, ɓoye ciwo ɗabi'arsu ce, saboda haka kada ka jira kuka. A ɓera duba gashin da ya tashi, bayan da ya tanƙware, idon da ya ƙanƙance, da keɓewa a lungu. Tun 2010 akwai ma'aunin hotuna na gane ciwo a fuskar ɓera, daga baya aka yi na zomo da na tunkiya. A tunkiya da akuya duba barin tuƙa, cizon haƙora, sunkuyar da kai da ware kai daga garke. Makiyayi ya fi ka ganin wannan, tambaye shi.

Iyakar tsayawa ana rubuta ta ne tun kafin a fara. Wadda aka fi amfani da ita: raguwar nauyi da kashi 20 cikin 100, kasa kai wa ga ruwa, numfashi da ƙyar, ko farfaɗiya. Da an kai nan, a yi magani ko a sauƙaƙa mata, ko da saura kwana biyu gwajin ya cika.

10. Jini nawa ake ɗiba, ruwa nawa ake ɗurawa?

Jinin dabba kusan kashi 6 zuwa 7 cikin 100 ne na nauyinta, kuma ba a wuce kashi 10 cikin 100 na wannan jinin a ɗiba ɗaya, sannan a bar ta makonni ta mayar. Ƙaramin ɓera mai giram 25, abin da za a ɗiba bai kai mililita 0.2 ba. Babba mai giram 200, mililita ɗaya da ɗan ɗori. Jijiyar wutsiya ta fi, ta bayan ido kuwa sai da maganin barci da hannun gwani. A tunkiya, mililita 5 zuwa 10 daga jijiyar wuya ba ya rage ta da komai. Haɗarin yana wurin kayarwa da ƙarfi, da maimaita allura ɗaya ga dabbobi da yawa, wanda ke yaɗa cuta cikin garke.

Ɗura ta baki, a tsaya kan mililita ɗaya ga kowane giram 100. In bututun ya ƙi wucewa kada ka tura, ƙila maƙogwaro ya shiga, ruwan sai ya tafi huhu. Ka koya a gaban wanda ya iya kafin ranar gwaji.

11. Ina gwada dafin wani tsiro. Dole sai rabin ɓerayen sun mutu?

A'a. Tsohon gwajin neman adadin da ke kashe rabi, wanda ya samo asali tun 1927, ƙungiyar OECD, mai tsara ƙa'idojin gwajin sinadarai, ta soke shi a 2002, ta maye gurbinsa da hanyoyi masu lamba 420, 423 da 425. A ta 423, dabba uku ake ba magani a kowane mataki, ana farawa da miligiram 5, 50, 300 ko 2000 ga kowane kilo, abin da ya faru da ukun farko shi zai nuna ko a hau ko a sauka, sannan a sa ido kwana 14. Babban ɓera ana hana shi abinci dare ɗaya, ƙarami sa'a uku zuwa huɗu, ruwa kuwa ba a hanawa.

Kafin wannan ma, bincika ko wani ya riga ya yi. Zogale, darbejiya, sabara da marke an sha gwada su a jami'o'in yankin nan. Maimaita gwajin da aka san amsarsa don kawai memuwar ta yi kauri kashe rai ne a banza.

12. Dabbobin makiyaya zan ɗibi jininsu. Izinin hakimi ko na ofishin kiwo bai isa ba?

Bai isa ba. Hakimi, mai gari ko arɗo suna buɗe maka ƙofa, amma dabbar tana da mai ita. Kuma mai ita ba lallai ne wanda ya tarbe ka ba. A gidaje da yawa na Mirya, Matamai da Magarya awakin da ke turke na matan gida ne. Maigida zai ce "ku ɗiba mana", alhali jar akuyar nan ta uwargida ce, da kuɗin adashinta ta saye ta. Nemi a yi maka iso, ka gaishe ta, ka ce: "Inna, jini kaɗan za mu ɗiba a wuyanta, bai kai cokali biyu ba, don mu duba ciwon da ke sa ɓari. In ba ki yarda ba, ba komai." In ta ce a'a, ka yi godiya ka wuce. A rugar Fulani ma saniya na iya zama ta habbanaye, amana ce a hannun mai kiwo. Wajen Tanut, Gure da Tesker ka tafi da tafinta mai jin Fulatanci, Barbarci, Tubanci ko Buzanci, wanda ba ma'aikacin hukuma ba in da hali.

Faɗi komai tun farko. Wa zai biya in dabba ta karye ko ta yi ɓari a hannunku, kuma nawa? A sa kuɗin a kasafin aikin. Wasu cututtuka, irin su saifa da ciwon huhun shanu, dole ne a sanar da ma'aikatan kiwo in an gano su, saboda haka kada ka yi alkawarin rufa asirin da ba za ka iya riƙewa ba. Yawan garken mutum da inda yake kwana kuwa sirrinsa ne. Tsoron jangali da na ɓarayin shanu ba wasa ba ne, kada sunansa ko taswirar rugarsa ta fito a rahoto.

Rukunin da aka bari ba magani don kwatance, a yi musu magani da gwajin ya ƙare. Sannan ka koma da sakamako. Ƙorafin da makiyaya suka fi yi shi ne an zo an ɗibi jini an tafi, ba a sake jin ɗuriyar kowa ba, kuma ɗalibin da zai zo bayanka shi ke biyan wannan bashin.

13. Ana iya cin nama ko shan nonon dabbar da aka yi gwaji da ita?

Ya danganta da abin da ya shiga jikinta. Ragunan da aka yi gwajin kiwon turke da su da dusa, harawa da ƙuli-ƙuli ana iya sayar da su har don layya. Wadda aka yi wa allurar magani, sai wa'adin da ke jikin kwalbar ya cika, na nama daban, na nono daban, wasu magungunan ma ba a yi wa dabbar da ake tatsa. Wadda aka ba ruwan tsiron da ba a san dafinsa ba, ko aka sa mata cuta da gangan, ba ta shiga kasuwa ko tukunya. A yi mata alama a kunne, a rubuta makomarta a takardar izini, domin ranar rufe gwaji kowa na da ra'ayi kan naman.

14. Namun daji fa?

Izini na hannun ma'aikatan gandun daji, a rubuce, da sunan dabba da adadi da wuri. Gandun Termit da Tin Tumma, wanda aka kafa a 2012, yana cikin wuraren ƙarshe da barewar adas ke rayuwa a daji, kuma ta yi ƙarancin da mutuwar guda ɗaya babbar asara ce. Korar barewa da mota cikin zafi na lalata mata tsoka, tana iya tashi ta gudu sannan ta mutu bayan kwanaki. Kashi, gashi, sawu da kyamarar da ake ɗaurewa a itace suna amsa tambayoyi da yawa ba tare da kamu ba.

Fitar da jini, fata ko gashin dabbar da ke cikin jerin yarjejeniyar CITES ta 1973, mai tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, sai da takarda, ko da ɗigo ne a kwalba. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 kuma ta shafi raba amfanin abin da aka fitar. Masu kama ɓerayen gida da gafiya su duba tarko da sassafe kafin rana ta buɗe, su bar tarkon gam, su sa safar hannu da takunkumi, domin wasu ɓerayen yankin nan na ɗauke da cututtukan da ke kama mutum.

15. In dole a kashe, ta wace hanya? Gawar kuma ina za a kai ta?

Hanyar da ke gusar da hankali nan take, a hannun wanda ya ƙware: maganin barci mai yawa daga likitan dabbobi, ko gocewar ƙashin wuya ga ƙananan ɓeraye. Auduga mai kulorofom ko sinadarin ether a cikin kwalba, wadda har yanzu ake gani, ƙa'idojin yau sun ƙi ta, tana ƙona ido da hanci, tana kuma cutar da mai aikin. Nutsarwa a ruwa da shinkafar ɓera ba a ma maganarsu. A yi a wani ɗaki, ba a gaban sauran ba, a tabbatar zuciya ta tsaya. Rago ko akuyar da naman ya halatta, mahauci gwani ya yanka da wuƙa mai kaifi.

Gawa a ƙone ta, ko a binne da zurfi a zuba farar ƙasa. Wadda aka kashe da maganin barci in aka yar a juji tana kashe karnuka da ungulaye. Wadda ake zargin saifa ce ta kashe ta kada a farke ta, a kira ma'aikatan kiwo.

16. Addini ya yarda da wannan aiki?

Malamai da dama na wannan zamani sun halatta shi in akwai buƙata ta gaskiya, babu wata hanya, kuma an rage cuta iyakar iyawa. Tushen a bayyane yake. Aya ta 38 a Suratul An'am ta ce dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu. Hadisi ingantacce ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Duk mai riƙe da mabuɗin ɗakin keji, wannan hadisin da shi yake. Wani hadisin ya ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. An hana yi wa dabba lalas a fuska, an hana mai da mai rai abin gwada harbi. Ɗalibin da zuciyarsa ba ta natsu da wani aiki ba yana da damar neman wani batu, kuma bai kamata a rage masa maki ba.

17. Na gama aiki, mujalla na neman lambar izini, ni kuwa ban nema ba. Kwamiti zai ba ni yanzu?

Kwamitin kirki ba zai bayar ba. Izini na nufin an duba lokacin da ake iya gyarawa, tun ran gini ran zane. Takardar da aka mayar wa kwanan wata baya jabu ce, kuma mujallu na janye maƙala in sun gano, abin ya bi ka har gaban CAMES, majalisar da ke tantance malaman jami'a, ranar neman ƙarin girma, ya kuma shafi duk wanda sunansa ke kai.

Rubuta wa edita gaskiya: ga yadda aka yi, ga ƙa'idojin da aka bi, ga takardun ofishin kiwo da yardar masu dabbobi in akwai. Wani zai karɓa, wani zai ƙi. Don aiki na gaba, karanta ARRIVE, jerin ƙa'idojin rubuta rahoton gwaji da dabbobi, wanda ya fito a 2010 aka sabunta a 2020, tun kana tsara gwaji. Abubuwan da yake nema, irin su ƙuri'ar rabo, dalilin adadi da zafin ɗaki, ba a ƙirƙiro su bayan an gama.

18. Na ga ana wahalar da dabbobi a labo, mai aikin kuma malamina ne. Me zan yi?

Fara da dabbar: ba ta ruwa, kai ta inuwa, kira likitan dabbobi in akwai. Sannan rubuta abin da ka gani da idonka, rana, lokaci, lambar keji, ba abin da aka ce maka ba. Sau da yawa malamin bai sani ba, domin ba shi ke shiga ɗakin kullum ba, saboda haka same shi shi kaɗai cikin ladabi: "Malam, na ga keji na uku ba ruwa tun jiya, biyu sun kwanta." Wannan kan wadatar.

In bai wadatar ba, je wurin shugaban sashe ko shugaban kwamitin da ya ba da izini, ka nemi a sakaya sunanka. Tsoron ɗalibin da memuwar ɗinsa ke hannun mutum tsoro ne na gaskiya, shi ya sa ya fi kyau ku je ku biyu ko uku, ko ta hannun wakilin aji. Kada ka watsa hotuna a Facebook ko WhatsApp kafin ka bi waɗannan matakai, kada kuma ka buɗe keji ka saki dabbobin: farin ɓera ba ya rayuwa a waje, wanda aka sa wa cuta kuwa zai kai ta unguwa. Kwamiti na da ikon dakatar da aikin har a gyara, kuma ya kamata ya sanar da kai a rubuce matakin da ya ɗauka.